Yadda Bakina Ya Ƙona Ƙwaƙwalwar Motar Kawu

Gaisuwa ga Edita da duk mai karanta wannan fili. Ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan kama sunan kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa duk suna raye, wasunsu ma kwano ɗaya muke ci.

Ni haifaffen Abakpa ne a Inugu. Lokacin da abin nan ya faru shekaruna sha biyar, kuma da za a tara yaran layinmu a ce a fito da wanda bakinsa ya fi jikinsa nauyi, ni za a turo gaba ba sai an yi shawara ba. Hausa a gida na sha ta, buroka, wato gurɓataccen Turanci, a titi, Ibo kuwa a bakin maƙwabta na tsince shi tun ina rarrafe. Don haka duk baƙon da ya sauka daga Arewa da ni ake haɗa shi, in raka shi asibiti ko kasuwa in zama bakinsa. Sai dai ni tafinta ne mai ƙara gishiri, wani lokaci ma in zubar da miyar in kawo gishirin zalla. Bari in fara da ƙaramar wautata. Ranar da ƙanin Innarmu ya iso daga ƙauye, ya tambaye ni yadda zai gai da tsohuwar da muke haya a gidanta. Na gyara fuska kamar mai wa'azi na koya masa kalmomin da Ibo ke cewa "yunwa nake ji". Kullum da safe sai Kawu ya durƙusa a ƙofar tsohuwar cikin ladabi ya shaida mata yunwa yake ji, ita kuma ta kama ƙirji ta shiga ɗaki ta fito masa da okpa mai zafi, wani abinci irin alala da suke yi da gurjiya. Har Kawu ya fara yabon mutanen Kudu, wai ko gaisuwa ba sa amsawa hannu rabbana. Da asiri ya tonu Inna ta bi ni da muciya, shi kuwa Kawu dariya ya yi har da hawaye. Wannan dariyar ce ta lalata ni, don daga ranar na ɗauka duk abin da na yi masa zai ƙare da dariya.

Kawu mutum ne mai sanyi, ga ƙarfi kamar ingarma. Ya bar matarsa da 'yarsu ƙarama a ƙauye, ya ce sai ya tsaya da ƙafarsa zai aika su zo. Da baro ya fara a kasuwar Artisan, yana tura buhunan albasa da doya har tafin hannunsa ya zama kamar ƙasan takalmi. Daga nan ya karɓi okadan wani yana yi, yana zuba adashi, ba ya shan shayi da madara sai ranar Juma'a. A ƙarshe ya haɗa abin da ya tara ya sayi mota don ya yi tasi tsakanin Abakpa da cikin gari. 'Yar Baljiyam ce, amma ta bi hannaye da yawa kafin ta zo nasa, ina tsammanin har hannun wanda ya ƙera ta ya manta da ita. Duk da haka Kawu yana goge ta safe da yamma kamar amarya. Wannan motar ita ce komai nasa. In ta tsaya da ƙafa huɗu, iyalinsa za su zo Inugu. In ta kwanta, shi ma ya kwanta.

Babanmu ne ya koya masa tuƙi. Baba yana cikin waɗanda suka dawo Inugu bayan yaƙin basasa yana saurayi, kuma ya ja tasi a zamanin da kuɗin mai ya ɓarke, lokacin da yake cewa fasinja ba ya tsayawa karɓar canji. Motocin zamaninsu na kafireta ne, ba su da wani abu mai tunani a cikinsu, kuma dabarunsu ya zuba wa Kawu. Ɗaya daga ciki ita ce aron batir. Batirin motar Kawu ya tsufa, da safe sai ya yi ta kuka ƙasa-ƙasa ya kasa juya inji, motar kuma otomatik ce ba ta tashi da turi. Sai Baba ya nuna masa abin da kowane direba ke yi a tashar: ka aro batirin maƙwabci ka ɗaura, ka tayar da mota, tana kunne ka kwance shi ka mayar wa mai shi, ka ɗora naka ya ci caji a hanya. Bayan ya gama koya masa, Baba ya koma Fatakwal, inda yake harkar albasa a Mile 3, sai a daɗe ba a gan shi a gida ba.

Ba a jima ba motar ta fara rashin lafiya. Sai ta yi zafi a cikin cunkoso ta mutu ba sallama, fasinjoji su sauka suna zagi da yaren da Kawu ba ya ji, wanda na ɗauka rahama ce a gare shi. Tana shan mai kamar raƙumi ya sami rijiya, tana fitar da hayaƙin da zai iya korar sauron unguwa guda. An canza fulogi, an canza famfon mai, an wanke abin da ke wankuwa, ba ta sake zani ba. Daga ƙarshe Inna ta ce a kai ta wajen wani bakanike Ibo, tsohon aminin Baba tun zamanin tasi, wanda kowa ke kira Oga. Shi Oga Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ina kwana" ba, Kawu kuma burokarsa ba ta wuce sunayen tashoshi da kuɗin mota ba. Aka ce in bi su.

Oga ya daɗe a kan motar. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, sannan ya durƙusa wajen ƙafar fasinjan gaba, ya ɗaga dardumar ya kwanto wani akwatin ƙarfe da bai fi faifan tuwo girma ba, mai baki cike da ƙananan haƙora. Ya ce sunansa biren, wato ƙwaƙwalwar mota, shi ke gaya wa inji yawan man da zai sha da lokacin da wuta za ta kama. Don ya tabbatar, ya ciro biren na wata mota irinta da ke garejin ya jona, nan take motar Kawu ta tashi tana numfashi lafiya kamar ba ita ba. Ya mayar da nata, ta koma tari. Ya ce biren ɗin yana mutuwa ne a hankali, babu gyara sai sauyi, kuma dole a samo mai lamba iri ɗaya da shi. Ni kuwa tun da na ji kalmar ƙwaƙwalwa na san Allah ya kawo mini abinci. A bakin garejin akwai mai rake da wasu samarin Arewa masu gyaran takalmi da yankan farce, duk suka matso. Na shaida wa Kawu cewa likita ya ce motarsa ta sami taɓin hankali, irin wanda ke kama mutanen da suka yi karatu da yawa, za a yi mata aiki a cire ƙwaƙwalwar a dasa ta wani Bature, daga nan sai ya koyi Turanci kafin ta yarda ta bi umarninsa. Aka yi ta dariya. Amma a wannan karon, bayan dariyar, na gaya masa gaskiyar magana, ya gane, ya kwashe ɗan abin da ya rage masa ya ba Oga ya nemo.

Ranar da aka ɗaura sabon biren ɗin ce ranar da nake so a ce an ɗinke bakina. Oga ya cire kan batir tukuna, ya jona akwatin a hankali kamar mai saka wa jariri riga, ya ɗaure shi, ya mayar da batir, ya murɗa makulli. Motar ta tashi shiru, hayaƙin ya ɗauke. Kawu ya rasa inda zai sa kansa don murna, ya kama hannun Oga da hannu biyu. 'Yan kallo na ranar farko duk sun dawo, har da ƙari, suna jiran in ci gaba da wasan. Sai Oga ya kira ni gefen inji, ya buga kan batirin da sifana, ya ɗaga mini yatsa ya ce:

"Tell am. Make e no comot battery if engine dey run."

Ya maimaita da Ibo don kada in ce ban ji ba. Ya ce in gaya wa kawuna kada ya kuskura ya cire batir mota tana kunne, domin wutar da inji ke haɗawa in ta rasa batirin da za ta zauna a ciki, kan biren take faɗawa ta ƙona shi. Ya ce yana zaton abin da ya cinye na farkon ke nan, kuma gara a ci bashi a sayi sabon batir da a ci gaba da aro. Na ji, na gane sarai. Kawu ya dube ni ya ce, "Me ya ce? Na ji ya ambaci batir." Na waiwaya na ga idanun samarin nan a kaina, bakunansu a buɗe suna jiran abin da zan saki. Sai na ce, "Ya ce batirinka sa'ansa ne, tare aka yi musu kaciya. Kuma ka daina gulma a cikin motar, yanzu tana ji." Wajen ya kece da dariya, Oga ya ga ana dariya shi ma ya yi, yana zaton saƙonsa ya isa. Wallahi niyyata in mun hau hanya in faɗi gaskiyar. Amma a hanya Kawu ya saya mini tsire, muka biya ta wajen abokansa na baro yana danna musu ham, maganar ta fice mini daga kai kamar ba a taɓa yin ta ba.

Motar ta yi aiki na ɗan lokaci, kuma wannan lokacin shi ne mafi daɗi da na ga Kawu a ciki. Ya fara tambayar ɗakin haya, ya sayi katifa ya jingine a ɗakinmu, ya sayi wasu 'yan takalman roba ja na 'yarsa ba tare da ya san girman ƙafarta ba. Ni kuma da safe ina fita makaranta kafin ya fito, ban taɓa tsayawa na ga yadda yake tayar da motar ba. Wata safiyar Asabar ina goge baki a ƙofar gida na gan shi ya aro batirin maƙwabcinmu mai bas, ya tayar, ya sa sifana ya kwance kan batirin inji yana ruri. Fitilun cikin motar suka yi wani haske mai ƙarfi, injin ya yi shaƙuwa sau ɗaya ya mutu. A daidai lokacin ne maganar Oga ta dawo mini, kalma bayan kalma, har da ƙarar sifanar da ya buga. Aka mayar da batir aka murɗa, inji yana juyawa amma babu wuta. Aka kawo wani batirin, haka. Na tsaya da asuwaki a baki kamar gunki.

Aka ja motar zuwa garejin Oga, ni kuma aka ja ni a matsayin baki. Oga ya kwanto akwatin ya kai hanci, ya miƙa wa Kawu ya shinshina, ƙaurin ƙonanniyar roba ne. Sannan ya tambaye ni abin da na san zai tambaya: an cire batir mota tana kunne? A nan ne na yi laifin da ya fi na farko nesa ba kusa ba, domin na farko wauta ce, wannan kuwa tsoro ne da son kai. Na tuna muciyar Inna, na tuna Baba in ya dawo, na tuna katifar nan da ke jingine. Na ce wa Oga a'a, ba a taɓa ba. Kawu ya sake cewa ya ji an ambaci batir, na ce masa Oga yana neman inda zai rataya laifi ne kawai. Oga ya ce in dai ba a cire ba to ruwa ne ko wani ya taɓa wayoyi, don abin da ya ɗaura lafiyayye ne, ya tambaya ko an kai ta wajen wani. Na juya wa Kawu na ce wai yana cewa shi ne bai iya riƙe mota ba. Ban taɓa ganin ran Kawu ya ɓaci irin na ranar ba. Ya ce in gaya wa Oga ya sayar masa da mushe ya karɓi kuɗin mai rai, kuma Allah yana gani. Wannan kam na fassara shi daidai, ban rage ko wasali ba. Oga ya ajiye akwatin a kan bonet, ya ce shekarunsa a wannan sana'a babu wanda ya taɓa kiransa ɓarawo, ya ce don darajar babana ne ba zai ce komai ba, a ɗauke motar daga garejinsa. Kafin la'asar labari ya zaga tashar cewa Oga yana cutar Hausawa, direbobi da dama suka daina kai masa aiki.

Motar ta zauna a ƙofar gida kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Kawu yana da shanun huɗa guda biyu a ƙauye, gadon mahaifinsu da suke kira Baffa, waɗanda ƙaninsa ke noma da su ana raba amfani. Ya yi ta juya maganar, Inna tana hana shi, a ƙarshe ya aika aka sayar da su. Na ji lokacin da yake ce mata shanu suna ciyar da gida damina ɗaya a shekara, mota kuwa kullum ne. Ya tafi Anaca da wani direba abokinsa, suka zaga kasuwar kayan mota da ƙonannen akwatin a leda har suka sami mai lambarsa. Wani yaro mai gyaran wayar mota a bakin titi ya ɗaura musu, ya karɓi ladansa, bai ce musu komai ba, wataƙila yana zaton kowa ya sani. Motar ta sake tashi. Batirin kuwa yana nan, tsohon nan dai, don abin da aka samu na shanun bai kai a haɗa da sabo ba.

Daga nan na shiga wani hali da ban taɓa shiga ba. Na san abin da zai kashe motar, ina ganinsa kowace safiya, amma hanyar da zan hana shi guda ɗaya ce, ita ce kuma wadda nake gudu. Sai na koma dabaru. Na sace sifanar da Kawu ke kwance batir da ita na jefa a bayan randa, ya aro wata. Na ɓoye wannan ma, maƙwabcinmu mai bas ya fara kallon yaran gidan da ido ɗaya, aka zane ƙanena a kan laifin da bai sani ba. Na daina fita makaranta da wuri, ina zagaya motar ina addu'a ta tashi da nata batirin, wani lokaci ta tashi, wani lokaci a aro. Duk sanda sifana ta taɓa kan batirin nan sai in kau da kai. Wata safiya na yi ƙarfin hali na ce masa cire batir mota tana kunne yana ƙona biren. Ya dube ni yana murmushi, yana jiran ƙarshen barkwancin. Na rantse. Ya ce rantsuwata ai ya san ta tun ranar okpa, kuma babana ya yi shekaru yana wannan aron tun kafin a haife ni, motarsa ba ta taɓa haukacewa ba. Sannan ya tambaye ni, ba da wasa ba, wa ya gaya mini. Ga ƙofa a buɗe, kalma ɗaya ce, in ce Oga. Na dubi ƙasa na ce a makaranta na ji. Ya shafa kaina ya ce in bar wa 'yan makaranta mota a takarda.

Biren ɗin Anaca bai kai na Oga daɗewa ba. Ina dawowa daga makaranta na hango motar a inda na bar ta da safe, bonet a ɗage, Kawu yana zaune a kan dutse a gefenta, hannayensa a tsakanin gwiwoyi. Bai kira kowa ba, bai je ko'ina ba, tun safe yake wajen. Na ji ƙaurin tun kafin in ƙarasa. Ya ce mini, cikin wata murya da ban san shi da ita ba, ko dai wani ne ya sa masa hannu, don abin ya wuce na inji, yana tunanin zuwa wajen malamin masallacinmu a taya shi da addu'a. Da na ji zai fara zargin mutane kuma, sai na ajiye jakata na durƙusa a gabansa na faɗi komai, tun daga sifanar da Oga ya buga har ƙaryar da na yi a tsakaninsu. Ina magana ina kuka, hanci da ido duk suna zuba, kuma ko a lokacin ina jiran ya tashi ya mare ni in sami sauƙi. Bai tashi ba. Ya daɗe yana kallon tayar motar, sannan ya ce:

"Na farkon na yafe maka, yaro ne kai. Amma ranar da na tambaye ka wa ya gaya maka, da ka ce Oga, da na ji."

Ya ƙara da cewa, "Shanun nan Baffa ne ya rene su." Ya tashi ya rufe bonet a hankali ya shiga gida. Bai gaya wa Inna ba, ni na gaya mata, kuma a karon farko a rayuwata ba ta ɗauki muciya ba, zama ta yi a bakin murhu ta rufe fuska da gefen mayafi. Na gwammace muciyar sau dubu.

Da Baba ya dawo daga Fatakwal ya ji, bai ko cire takalmi ba ya sa ni a gaba da Kawu muka tafi garejin Oga. Ya ce ba shi zai yi magana ba, bakin da ya ɓata shi zai gyara. Na tsaya a gaban Oga da yaransa da mai rake da samarin nan da suka saba yi mini dariya, na faɗi abin da na yi da Ibo, na sake faɗa da Hausa, Baba yana tsaye yana auna kowace kalma don kada in rage. Babu wanda ya yi dariya. Kawu ya durƙusa ya ba Oga haƙuri da 'yar burokarsa, Oga ya ɗaga shi. Ya ce wa Baba abin da ya fi yi masa ciwo shi ne da an faɗi gaskiya tun ranar farko, da ya san yadda zai yi da wanda ya sayar masa da biren ɗin, ko ya ba da aron batir daga garejinsa har Kawu ya samu. Baba ma ya sunkuyar da kai da ya ji dabararsa ce ta zamanin da ta yi ɓarnar, ya ce shi bai san motocin yanzu suna da abin da ke ƙonewa ba. Bayan sallar Juma'a ya bi direbobin tashar ɗaya-ɗaya yana wanke Oga. Wasu sun koma masa, wasu sun riga sun saba da wani garejin. Oga yana amsa gaisuwata har yau, amma in zai yi magana da Bahaushe sai ya aika a kira wani yaron.

Abin da na koya shi ne, wanda aka sa a tsakanin mutum biyu da ba sa jin juna, amana aka ɗora masa, ko da shekarunsa sha biyar, ko da maganar ta yi kama da ƙarama. Su biyun duk makafi ne a wajen, da idonka suke gani. Ina kira ga 'yan'uwana yaran da aka haifa a Inugu da Anaca da Fatakwal, waɗanda ake tura mu asibiti da gareji da ofis mu raka baƙi: ku isar da saƙo tukuna yadda aka ba ku, in ya so ku yi barkwancinku bayan nan. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa tun yana ƙarami. Ni ƙaryata ta biyu ta fi ta farko tsada, shirun da na yi kuma ya fi su duka. Na kuma gane cewa mai yawan wasa yana cinye gaskiyarsa ne kaɗan-kaɗan, ranar da ya buƙace ta sai ya tarar babu mai saye. Direbobi kuma, don Allah, in motarku mai biren ce kada ku cire batir tana kunne, ko wa ya koya muku.

Ban daina ba mutane dariya ba, hali zanen dutse ne, amma ba na yi da bakin wani. Motar ba a sake ɗaura mata wata ƙwaƙwalwar ba. Masu yanka motoci su sayar da kayansu ne suka saye ta, suka zo da wata suka ja ta. Matar Kawu da 'yarsa ba su taɓa zuwa Inugu ba. Farkon damina ya koma ƙauye, kuma bara da fartanya ya yi noma.